Tambayoyi da amsoshi kan haɗa gwiwa da matasa masu rubutu a Wikipedia a nan Kaduna

Assalamu alaikum. Waɗannan tambayoyi ne da suka daɗe suna dawo mana, wasu a guruf ɗin WhatsApp, wasu a bakin ƙofa bayan an tashi daga horaswa, wasu kuma daga malamai da ma'aikatan laburare da shugabannin ƙungiyoyin unguwa da suke son haɗa hannu da mu amma ba su san ta ina za su kama ba. Gaskiya na gaji da maimaita amsa ɗaya a saƙon murya, shi ya sa na zauna na tattara su wuri guda.

Wai ita Wikipedia ɗin nan ta wace ce, gwamnatin Amurka ko wani kamfani?

Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta kamfanin neman riba ba. Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe ta ranar 15 ga Janairu 2001, sai a 2003 aka kafa gidauniyar Wikimedia mai mazauni a San Francisco, ita ke kula da na'urorin da shafin ke zaune a kai da harkar lauyoyi da tara gudummawar jama'a. Amma rubutun da kake gani ba ma'aikatan gidauniyar ke yi ba, 'yan sa-kai ne irina da irinka, a harsuna sama da 300, ciki har da Hausa.

Kuma tana da 'yan'uwa. Akwai Wikimedia Commons da aka buɗe a 2004 don hotuna da sauti da bidiyo, akwai Wikidata ta 2012 mai ajiye bayanai a tsare, akwai Wiktionary wato ƙamus, akwai Wikisource ta tsofaffin rubuce-rubuce. Na faɗi haka ne don yaron da rubutu bai dame shi ba amma ya iya ɗaukar hoto kada ya ɗauka ba shi da gurbi.

Me ake nufi da buɗaɗɗen ilimi?

Ilimin da kowa zai iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ya raba, har ya buga ya sayar, ba tare da ya nemi izini ba, muddin ya faɗi inda ya samo kuma ya bar wa na bayansa irin wannan damar. Lasisin da rubutun Wikipedia ke kai kenan, CC BY-SA 4.0. Wannan batun sayarwar shi ke ɗaure wa mutane kai, kuma dole a faɗa wa abokin haɗin gwiwa tun ranar farko, don in ka ba da hoto ko rubutu a wannan lasisi ba ka da ikon janyewa daga baya. Akwai ƙarin bayani a amsar da ta shafi hotuna da tsofaffin takardu a ƙasa.

To shi haɗin gwiwar, mene ne shi takamaimai?

Matasa suna da lokaci da waya da kuzari, amma ba su da ɗaki, ba su da wuta, ba su da data, ba su da littattafan da za su kafa hujja da su. Makaranta ko laburare ko gidan tarihi suna da waɗannan amma ba su da hannun da zai fitar da abin da ke jibge a kantocinsu zuwa intanet. In aka haɗa biyun shikenan an yi haɗin gwiwa. Wani lokaci da takardar yarjejeniya, wani lokaci ba komai sai malami ɗaya da ya ce ga makullin ɗakin kwamfuta duk Asabar, kuma wallahi irin wannan na biyun sau da yawa ya fi daɗewa.

Su waye ke riƙe da harkar nan a Najeriya?

Babu ofishi ɗaya da za ka ce shi ne shugaban kowa. Akwai ƙungiyoyin editoci da harkar Wikimedia ta amince da su: Wikimedia User Group Nigeria, da Hausa Wikimedians User Group, da na Igbo da na Yarbawa. Mu a jihar Kaduna muna da ƙarin abin alfahari, domin harshen Tyap na mutanen Atyap da ke wajen Zangon Kataf ya samu nasa shafin Wikipedia a 2022, kuma suna da tasu ƙungiyar editocin. Wanda harshensa bai kai ga samun shafi ba akwai wurin reno da ake kira Wikimedia Incubator, can ake fara tara muƙaloli har a cika sharuɗɗa.

Editocin Afirka suna da babban taronsu, WikiIndaba, an fara shi a Johannesburg a 2014, na 2019 kuma a Abuja aka yi. Na duniya baki ɗaya shi ne Wikimania, an fara a Frankfurt a 2005, na 2025 a Nairobi. Shawarata kafin ku kafa wata sabuwar ƙungiya mai dogon suna da tambari, ku fara tuntuɓar waɗanda ke ƙasa, ku ji me suke yi a kusa da ku.

Malam, ana biyan kuɗi ne in mutum ya yi rubutu?

A'a. Babu albashi, babu biya a kan kowace muƙala. Abin da za ka iya gani shi ne kuɗin data ko na mota ranar horaswa in taron yana da tallafi, ko kyauta in gasa ce ka kuma ci. Duk wanda ya ce maka ka kawo dubu kaza ya yi maka rajista a Wikipedia ɗan damfara ne, buɗe asusu kyauta ne kuma bai kai minti biyar ba.

Ina roƙon masu shirya taro su riƙa faɗin wannan a sanarwa tun kafin ranar. Na taɓa ganin ɗaki ya cika maƙil har ana tsayuwa a taga saboda wani ya yaɗa cewa za a raba alawus, da aka yi bayani kafin azahar rabin kujerun sun zama wayam, kuma ban ga laifinsu ba, mu ne ba mu fito fili ba.

To tallafin da muke jin ana samu fa?

Akwai shi. Gidauniyar Wikimedia tana da ƙaramin tallafi da ake kira Rapid Fund, daga dala 500 zuwa dala 5,000, don ƙananan ayyuka irin horaswa da gasar hoto, mutum ɗaya ko gungun mutane duk suna iya nema. Akwai kuma babba na shekara don ƙungiyoyin da suka riga suka kafu. Buƙatar da ka rubuta ana baje ta a fili a shafin Meta-Wiki, wato shafin tsare-tsaren harkar Wikimedia, kowa zai ga kasafinka, kuma za a duba tarihin gyare-gyarenka, don haka wanda bai taɓa gyara ko waƙafi ba ya zo neman tallafin koyar da mutane gyara, to ya san amsar da zai samu.

Kuɗin nan amana ne. Bayan an gama sai ka kawo rahoto da bayanin yadda aka kashe, abin da ya rage a mayar, wanda bai kawo rahoto ba kuma ya toshe wa kansa ƙofar wani tallafin. Ku riƙa ajiye rasit ko na ruwan leda ne, ku ɗauki hotonsa a waya nan take don tawadar rasit ɗin POS gogewa take yi. Kuma ba yau ka nema gobe a turo ba, akwai zagayen karɓar buƙatu da makonnin dubawa, ga canjin dala da kan motsa tsakanin ranar da ka rubuta kasafi da ranar da kuɗi suka shigo.

A nan Kaduna wa ya fi dacewa mu nema?

Ni a ganina ku fara da wanda yake da ɗaki da wuta da littafi, mai kuɗi ya biyo baya. Manyan makarantu muna da su: Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962 da babban laburarenta na Kashim Ibrahim, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. A irin waɗannan wurare ba ofishin shugaba ake fara dosa ba, a nemi lakcara ɗaya a sashen Hausa ko tarihi ko aikin jarida ko ilimin laburare wanda abin ya shiga ransa. In ya yarda ya mayar da aikin gida na ɗalibansa ya zama gyara muƙala ɗaya da manazarta masu kyau, maimakon takardun da za a ɗaure a jefa a kwali, to kun samu abin da ya fi taron otal goma.

Sai gidajen ajiyar tarihi, kuma nan Allah ya yi wa garin nan arziki. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Sir Ahmadu Bello, ya zama cibiyar binciken tarihi tun 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna inda fayil-fayil ɗin tsohuwar Jihar Arewa suke, ga gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu. Mutane daga Turai suke tasowa takanas su zo karatu a waɗannan wurare, mu kuma muna wucewa ta ƙofarsu a keke napep ba mu taɓa leƙawa ba. A ƙasashen waje har zaunar da edita ake yi a irin waɗannan gidaje ya zama gada tsakaninsu da 'yan sa-kai, gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya yi haka a 2010.

Kada kuma a raina na kusa: makarantar sakandare mai ɗakin kwamfuta da sola, cibiyoyin koyon fasaha, ƙungiyar ɗaliban garinku, matasa masu bautar ƙasa da ke neman aikin ci gaban al'umma, har gidan rediyo da zai ba ku minti goma ku yi bayani. Abu ɗaya dai a lura da shi, garin nan kogi ya raba shi, in kullum a Kawo ko Unguwar Rimi ake taro ɗan Sabon Tasha da Kakuri ba zai riƙa zuwa ba, ɗan Rigasa ma kuɗin mota zai kayar da shi. A riƙa juyawa.

Ta yaya za mu tunkari makaranta ko laburare?

Da takarda shafi ɗaya, ba littafi ba. Ku faɗi su waye ku, me kuke so daga gare su, ɗaki ne ko majigi ko izinin duba littattafai, ranaku nawa, kuma me su za su samu. Ku tafi da waya ku nuna musu muƙalar garinsu ko ta wani malaminsu da ya shahara a Wikipedia ta Hausa, yawanci za a tarar layi biyu ce ko ma babu, wannan kaɗai ya fi dogon jawabi aiki. Ma'aikatan laburare kuma akwai kamfe nasu na musamman, #1Lib1Ref, tun 2016, inda ake roƙon kowane ma'aikaci ya ƙara manazarta guda ɗaya tak, hanya ce mai sauƙi ta shiga wurinsu.

Ku nemi a ba ku mutum ɗaya da za ku riƙa magana da shi, sannan ku san na biyu. Mun taɓa yin wata shida lafiya lau da wata makaranta, aka yi wa malamin da ke riƙe da mu canjin wurin aiki, ranar da muka koma mai gadi ya ce bai san da zamanmu ba. Tun daga nan ko yarjejeniyar baki ce sai mun nemi a rubuta ta ko a layi biyar ne a buga hatimi.

Dole sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi?

Don ku fara taruwa kuna gyara, a'a. Ita ma amincewar Wikimedia ga ƙungiyar editoci ba ta dogara da rajistar gwamnati ba. Inda rajista ke amfani shi ne in za ku sa hannu a yarjejeniya da wata hukuma ko ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. In kuɗi za su shigo ta asusun mutum, a tabbata aƙalla mutum biyu suna ganin shige da ficensu.

Wani kamfani, ko wani ɗan siyasa, ya ce zai ɗauki nauyinmu in za mu rubuta masa muƙala. Mu karɓa?

Kar ku karɓa a kan wannan sharaɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan ba ku da ikon yin sa, domin muƙala ba taku ba ce balle ku sayar. Yau ka rubuta yabo, gobe wani edita a Kano ko Zinder ya zo ya ƙara labarin shari'ar da ake yi da mutumin tare da manazarta, ba ka da hurumin cirewa, sai ga Alhaji yana kiranka da tsakar dare yana cewa ina amanar kuɗinsa. Wani lokaci ma goge muƙalar za a yi gaba ɗaya in mutumin bai cika sharaɗin shahara ba, wato babu majiyoyi masu zaman kansu da suka yi rubutu mai zurfi a kansa.

Tun 2014 ƙa'idojin amfani da shafukan Wikimedia suka wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi gyara ya bayyana wa ya biya shi kuma don wa yake yi. Wanda ya ɓoye aka gano, toshe asusunsa ake yi, kuma abin takaicin shi ne yaran da kuka koyar su ma zargin zai shafe su. In mai hali yana son taimakawa da gaske, ya biya data ko abinci ko man janareta, a gode masa a wurin taro da cikin rahoto, amma abin da za a rubuta ba ruwansa. Lokacin zaɓe irin wannan tayin ya fi yawa, a kula.

Akwai misalan haɗin gwiwar da aka yi a wasu wurare da za mu koya?

Akwai da dama. Gidauniyar Moleskine ta Italiya tana shirya AfroCuration, inda ake tara matasa su rubuta tarihi da al'adunsu a harsunan Afirka. Gidauniyar Wikimedia da Tarayyar Afirka da Africa No Filter sun haɗu a shirin Africa Knowledge Initiative, suka ɗaura kamfe a kan ranaku irin Ranar Matasan Afirka, 1 ga Nuwamba, da Ranar Afirka, 25 ga Mayu. Wiki Loves Africa gasar hoto ce ta duk shekara tun 2014, Wiki Loves Monuments kuma ta wuraren tarihi ce, ta faro daga Holan a 2010. Na malamai akwai Reading Wikipedia in the Classroom da aka gwada a 2020 a Bolibiya da Maroko da Filifin, yana koya wa malami yadda zai nuna wa ɗalibi tantance bayani maimakon ya ce masa kawai kar ka taɓa Wikipedia.

Abin da na lura da shi, duk wanda ya yi ƙarko a cikinsu za ka tarar akwai editocin gida da suka riƙe shi bayan baƙi sun tafi. Shiga irin waɗannan kamfe ya fi sauƙi ga sabuwar ƙungiya a kan ƙirƙiro nata, tunda an riga an tanadi jigo da lokaci da kayan koyarwa.

Muna son aiki da 'yan sakandare, akwai matsala?

Babu dokar da ta hana yaro gyara Wikipedia, amma nauyin da ke kanku ya ninka. A samu izinin iyaye a rubuce da na makaranta, malami ya kasance a ɗakin, kada babba ya keɓe da yaro ko ya riƙa bin sa da saƙo shi kaɗai a waya. Kada yaro ya sa cikakken sunansa a matsayin sunan asusu, kada ya rubuta makarantarsa ko unguwarsu ko lambar waya a shafinsa, domin duk abin da aka wallafa yana zama a tarihin shafi kowa na iya gani. Hoton yara kuma ba a ɗorawa sai da yardar iyaye. In za ku nemi tallafi don aiki da 'yan ƙasa da shekara 18 za a tambaye ku tsarinku na kare su, gara ku rubuta tun yanzu.

Makarantar da ba ta da sabis mai kyau akwai Kiwix, manhaja ce da ake sauke Wikipedia a ciki a karanta ba intanet. Ba a gyara da ita, amma don koyon karatu da bincike ta wadatar.

'Yan mata ba sa zuwa, ko su zo sau ɗaya su ɗauke ƙafa. Me za mu yi?

Ku duba lokaci da wuri kafin ku ce ba su da sha'awa. Taron da zai kai magariba, ko ya ci karo da Islamiyya ranar Asabar ko coci ranar Lahadi, ko a wani lungu da uba ba zai yarda 'yarsa ta je ba, kun riga kun sallame su. A samu mace cikin masu koyarwa, a ba da takardar gayyata da za a nuna a gida, in da hali a yi zama na mata zalla. Kamfe irin Wiki Loves Women da aka fara a 2016 tare da cibiyar Goethe, Najeriya na cikin ƙasashen farko, da WikiGap na ma'aikatar harkokin wajen Suwidin tun 2018, duk don cike giɓin tarihin mata aka yi su. Sannan akwai ƙa'idar ɗa'a ta bai ɗaya da ta hau kan kowa a harkar Wikimedia, wanda ya karɓi lambar yarinya a rajistar taro ya koma yana damunta, a cire shi, ba sai an yi zaman sulhu ba.

Ranar horaswa shafin ya ƙi bari mu buɗe asusu, wasu kuma an ce an toshe su alhali ba su taɓa gyara ba. Me ya jawo?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wikipedia ba ta barin a buɗe asusu fiye da 6 a rana daga adireshin intanet guda, to in mutum talatin suna kan waifai ɗaya na bakwai zai tsaya. Maganin shi ne kowa ya buɗe nasa a gida kwana biyu kafin taro ya turo sunan, ko mai shiryawa ya yi rajistar taron a Programs & Events Dashboard, shafin bin diddigin taruka da ayyukan mahalarta, wanda ke da hanyar buɗe wa mahalarta asusu. Toshewar kuma yawanci ba kai aka nufa ba, layukan wayarmu mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya, in aka toshe shi saboda wani sai ya haɗa da kai. A kashe VPN, a gwada wani layin, in ya ci gaba a nemi admin ya ba da izinin tsallake toshewar. Kuma asusu ɗaya na mutum ɗaya ne, ba a buɗe na ƙungiya a raba kalmar sirri.

Me ya sa ake goge muƙalolin yaranmu bayan gasa?

Nan ne inda ni da wasu abokan aikina muke yawan saɓani. In aka ce wanda ya fi yawan muƙaloli shi zai ci waya ko laftof, to me kake tsammani, yaro zai kwafo Turanci ya zuba wa injin fassara ya liƙa ya wuce ta gaba ko karantawa bai yi ba. Sai ka buɗe muƙala ka ga Hausa ce a ido amma ba Bahaushen da zai gane ta, an ce wa mace shi, an fassara sunan mutum ya koma sunan itace, jimla ta taso ba ta san inda za ta sauka ba. Wanda ya shigo neman bayani ya ci karo da wannan ba zai sake dawowa ba, kuma masu tsaftace shafin 'yan kaɗan ne, su ma sa-kai suke yi.

Kayan fassarar da ke cikin Wikipedia ba laifi ba ne, an yi su ne don su ba ka daftari ka gyara da hannunka. Abin da muke roƙon masu ɗaukar nauyin gasa shi ne a ba da maki kan inganci da manazarta da gyaran tsofaffin muƙaloli, a sa alƙalai masu jin Hausa su karanta da ido. A koya wa yara sa ƙ da ɗ da ɓ a allon wayarsu tun ranar farko, Gboard yana da Hausa. Sauran dalilan gogewa su ne kwafe daga jarida kai tsaye, da rashin manazarta, da rubuta wanda bai cika sharaɗin shahara ba kamar yadda na faɗa a amsar ɗan siyasa.

Tarihin unguwarmu a bakin dattawa yake, ba a littafi ba. Ya za mu yi?

Wannan ciwo ne na gaske. Wikipedia tana son abin da aka riga aka wallafa, ba ta karɓar kakana ya faɗa mini. Amma sau da yawa an rubuta, nema ne ba mu yi ba: kundayen digiri da ke jibge a jami'o'i, tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, New Nigerian ta Kaduna da aka fara a 1966, rahotannin gidajen rediyo da jaridun yanzu. Amfanin haɗa gwiwa da laburare kenan da na yi ta nanatawa a sama. Editan da ya kai wata 6 da gyara 500, yana da aƙalla 10 a watan da ya wuce kuma ba a toshe shi ba, yana iya shiga The Wikipedia Library ya karanta mujallun bincike na kuɗi kyauta.

Abin da babu shi a rubuce kuma, a ɗauki muryar dattijon da izininsa a ajiye a Commons, ko a haɗa kai da ɗan jarida ko malamin jami'a ya yi hirar ya wallafa, daga baya a kafa hujja da ita.

Hotuna da tsofaffin takardu fa, za mu iya ɗorawa?

Hoton da ka ɗauka da hannunka, e. Wanda ka samo a Facebook ko Google, a'a, ko da kowa na yawo da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba rubutu kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, hoto kuma shekara 50 daga fitowarsa, wato marubucin da ya rasu a 1981 aikinsa ba zai zama na kowa ba sai bayan 2051. Kasancewar takarda a gidan tarihi ba ya nufin gidan ne ke da haƙƙinta, a tambaya kafin a ɗauka.

Abin ɗauka kuwa ba ya ƙarewa a ƙananan hukumomi 23 na jihar nan: gadar Lugard da ke Gamji, ganuwar Zazzau da dutsen Kufena, ruwan Matsirga a wajen Kafanchan, tsofaffin masaƙun Kakuri, masu sana'a a Kasuwar Barci da Panteka. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi. Kuma Kaduna garin sojoji ne, kada wani ya je yana saita kyamara a ƙofar bariki ko makarantar sojoji ta NDA ya ce Wikipedia ce ta aiko shi.

Ni iyayena suna tambaya me zan samu a ciki tunda ba kuɗi.

Ka ce musu kana koyon rubutu da Hausa mai kyau, da bincike, da gane labarin ƙarya, da fassara, kuma duk aikinka yana nan a fili da sunan asusunka, za ka iya nuna wa mai ɗaukar aiki. Wasu sun samu tallafin zuwa taruka a wasu ƙasashe ta wannan hanya, amma ba zan yi maka alƙawarin jirgi ba, kaɗan ne ke samu kuma bayan sun daɗe suna aiki.

Wanda ya ba mu ɗaki ko tallafi yana son rahoto, me za mu rubuta?

Dashboard ɗin da na ambata a amsar ranar horaswa zai ba ku adadin editoci da muƙalolin da aka ƙirƙira da waɗanda aka gyara da sau nawa aka karanta su, a ɗauko a sa. Amma ni lambar da na fi dubawa ita ce mutum nawa ne suke gyara bayan wata uku ba tare da an ba su data ba, don hoton rukuni da satifiket kowa ma yana iya kawowa. A rubuta har abin da bai yi kyau ba, NEPA ta ɗauke wuta awa biyu, majigi ya ƙi kamawa, muƙala kaza aka goge saboda kaza. A aika wa shugaban wurin kwafi a takarda ko da bai nema ba, a haɗa da jerin muƙalolin da aka rubuta da littattafan laburarensa, sannan a tambaye shi ranar da za a dawo zangon karatu mai zuwa.